Bargon faci da na aika wa Inna daga Japan

A Jidda aka haife ni, a unguwar Sabil, kuma har na yi aure tafiya mafi nisa da na taɓa yi ita ce Ɗa'ifa, can ma amai na yi ta yi a mota saboda kwane-kwanen dutse. Shi ya sa ran da maigidana ya shigo ya ce in haɗa kaya za mu Japan, dariya na yi, na ce ya bari in sauke tukunya tukuna.

Ashe da gaske yake. Aiki yake yi wa wani tajiri mai kantin yadi a Bab Makka, kuma a wancan lokacin, farkon shekarun saba'in, yawancin farin yadin da mazan Jidda ke ɗinka jallabiya da shi daga Japan jirgin ruwa ke kawo shi. Tajirin ya gaji da ya zaɓi abu a aiko masa da ƙanin abin, sai ya ce zai ajiye mutuminsa a can, a wani birni na bakin teku da ake kira Kobe, ya riƙa shafa kowane bandir da hannunsa kafin a loda. Maigidana yana da ɗan Turancin da ya tsinta a tashar jiragen ruwa, ga shi ko allurar wani ba ya ɗauka. Aka zaɓe shi, shi kuma ya ce ƙafarsa ƙafata.

Inna ce ta ce ba ta san zancen ba. Mahaifiyata tana yarinya ta baro ƙasar Kano da iyayenta a ƙafa, suka ratso Sudan shekara da shekaru, suna tafiya suna tsayawa neman guzuri, har suka tsallako teku. A wurinta ƙasashen duniya uku ne, ƙasar Hausa da Sudan da Hijaz, sauran duk daji ne. Ta tambaya ko akwai masallaci a garin, aka ce akwai guda. Ta tambaya ko akwai dawa, aka ce babu. Ta tambaya wa ta sani a can da zai riƙa leƙa ni, aka yi tsit. Sai da kawuna, yayanta, ya sa baki sannan ta yarda, ita ma da sharaɗi.

"Ran da na ji 'yata tana shan wahala," in ji ta, tana fuskantar bango don ba ta kallon surukinta, "halas, shi ke nan, ta dawo ɗakina. Shi ya zauna can da Japanawansa."

Maigidana yana tsugune a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya ce, "To, Inna." Tun da ya aure ni ban taɓa jin ya gaya mata abin da ya fi haka tsawo ba, in ka cire gaisuwa. Surukuta ce irin ta da, wadda mutanenmu suka taho da ita daga gida suka riƙe a Jidda fiye da yadda na can ma suke riƙe ta.

Mun sauka ana tsakiyar sanyi. Ni abin da na sani da sunan sanyi shi ne daren da ake ƙara mayafi in an kwana a kan soro, sai ga ni a gidan katako mai ƙofofin takarda. Takarda fa, jama'a! In ka yi atishawa maƙwabci ya sani. Ba gado, ba kujera, sai tabarma mai kauri da wani gajeren tebur da ake sa abin ɗumi a ƙarƙashinsa, a lulluɓe shi da bargo, mutum ya cusa ƙafafu. Nan na yi watan farko, rabina a ƙarƙashin tebur, rabina yana kuka.

Fita kuwa sai na shirya mata. Ga ni baƙa, ga ni doguwa, ga baƙar abaya har ƙasa. Mutanen suna da kunya, sai su kalli takalminsu har in wuce, sannan duk titi ya juyo gaba ɗaya. Wata mata a kasuwar kifi ta roƙi izini da hannu, ta shafa bayan hannuna, ta duba yatsanta ko wani abu ya fita. Ni ma na kama nata na shafa na duba nawa. Mai kifin ya yi dariya har ya ƙara mini kifi, kuma daga ranar a wurinsa nake saye. Da na ga suna cin kifin ɗanye na tambayi maigida ko gawayi ne ya yi tsada a ƙasar. Shinkafarsu kuma danƙo gare ta, ka yi duk dabararka ba za ta yi maka bukhari irin dafa-dukanmu na Jidda ba, amma wallahi har yau ban tuƙa tuwon shinkafa mai kyan wanda na tuƙa a Japan ba.

Miyar tuwon ce ta haɗa ni da maƙwabciyata. Na taho da ɗan turmina daga Jidda, wata safiya na ajiye shi a kan daɓen katako na hau dakan barkono da ƙarfin da Allah ya ba ni. Ban yi nisa ba na ji gudu a waje. Na leƙa, sai ga matan layin duk sun fito tsakiyar hanya, wata da matashi a ka, suna kallon sama. Su ƙasarsu girgiza take yi, sun ɗauka ita ce ta zo. Da suka ga ni da taɓarya a hannu kowa ta sunkuyar da kai ta koma gida, ba wadda ta ce uffan. Da a Sabil ne da sai na sha zagi har la'asar, kuma da ya fi mini sauƙi.

Can an jima aka ƙwanƙwasa. Wata 'yar tsohuwa ce, tsawonta bai wuce kafaɗata ba, ta kawo mini wata matashiya mai faɗi in riƙa ɗora turmin a kai. Ta durƙusa a bakin ƙofa, goshinta kamar zai taɓa ƙasa. Na ce subhanallahi, tsohuwa ce za ta durƙusa mini? Na zube ni ma. Ta ƙara yin ƙasa, na ƙara. Na shiga gaishe ta da Hausa, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya iyali, ita ma tana jero tata ba tsayawa. Mun daɗe a haka har gwiwata ta yi tsami. A nan na gane Japanawa mutane ne masu tarbiyya, ba sa gaisuwa a tsaye kamar an biyo su. Da maigida ya dawo ya ce in riƙa kiranta Obasan, kamar dai mu ce gwaggo.

Ita kaɗai take zaune a gidan da ke jikin namu. Ran da na mayar mata da ziyara da ɗan kwanon tuwo, na same ta a gaban tulin tsummokara, tsofaffin rigunansu ne da aka yayyanka, mafi yawa shuɗi irin na rini, tana harhaɗa su da allura. Tausayi ya kama ni. Na ce Allah sarki, tsohuwa ba mai yi mata, ga sanyi. Washegari na ciro sabon yadi mai furanni daga akwatina na kai mata sadaka. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a goshi, ta yi godiya mai tsawo, sannan ta jawo almakashi ta hau yanka shi gunduwa-gunduwa a gabana. Saura ƙiris in fizge almakashin. Da na kai wa maigida ƙara, sai da ya gama dariya ya gaya mini gidan da muke ciki nata ne, da na gaba da shi, da na bayansa. Ɗinkin don nishaɗi take yi.

To ni da ban taɓa jin an yi faci don nishaɗi ba, sai na riƙa zuwa kallo, daga kallo ta miƙo mini allura. Na iya ɗinki daidai gwargwado, amma Obasan ba ta san gwargwado ba. Kowane sukan allura so take ya zama kamar ƙwayar shinkafa, kuma duk su zo daidai. In na yi layi guda ina jin daɗi, sai ta ɗaga shi wajen haske, ta yi wani ɗan sauti a maƙoshi, ta zare shi tas. Sau da yawa na tashi a fusace na ce da Larabci ta riƙe tsummanta, in na koma gida in zauna in kalli ƙofar takarda, sai in sake dawowa. Maigida jirgin ƙasa yake bi da sassafe zuwa masaƙu, ba ya dawowa sai an yi isha. Da ya ga na samu abin yi sai ya riƙa cika mini aljihunsa da ƙyallayen samfur da guntayen da ake zubarwa.

Haka na haɗa bargona na farko. Ƙyallaye ne ƙanana masu kusurwa huɗu, shuɗi da fari da masu furanni, na jera na tsakiya kamar tagogin katakon tsofaffin gidajen Jidda, na shimfiɗa auduga a ciki, na sa shafi a baya, sannan na bi shi layi-layi da farin zare. Daga ƙarshen wancan sanyin har wani sanyin ya kusa dawowa ina kansa. Ran da na gama, Obasan ta ɗaga shi wajen haske, ta daɗe, ba ta yi sautin nan na maƙoshi ba. Na ji kamar an ba ni kujerar Makka, ni da Makkan ke bayan gidanmu.

Wa zan ba in ba Inna ba? Ƙanin tajirin ya zo duba kaya a lokacin, na naɗe bargon na ba shi, na ce ya kai mata ya ce ni na ɗinka da hannuna. Ina kwance ina hango ta tana shimfiɗa shi a gaban maƙwabta tana fankama. Ko sau ɗaya ban tuna abin da ni kaina na fara zato ba ran da na ga Obasan a gaban tsummokaranta.

Bayan 'yan watanni sai ga ƙaton ƙunshi daga Jidda. Dabino, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu a gwangwani, zannuwa na maƙwabta waɗanda na gane masu su, har da silifa. A ƙasa kuma bandir biyu na sabon yadi. Maigida ya juya bandir ɗin ya ga tambarin da ke jiki, ya ce, "Ikon Allah! Ai ni na loda wannan da hannuna." Yadin ya je Jidda ya dawo, ya fi ni yawo. Muka yi dariya, muka ce ƙauna ce irin ta uwa. Na ɗauki almakashi na yanka rabinsa, muka fara wani babban bargo ni da Obasan.

Sai da azumi ya kusa tajirin ya ba mu hutu muka zo gida. Tun daga bakin layinmu na ga abin ba daidai ba. Mata suka fito suka rungume ni suna kuka, wata tana cewa maskina, wata tana cewa Allah ya isa. Akwai wata aminiyar Inna, Bahaushiyar Sudan, da muke kira Hala, mace mai murya kamar lasifika. Ta kama damtsena ta matsa. Ni kuwa tuwon Japan ya karɓe ni, na yi ƙiba har abayata ta matse. Ta dubi sauran mata ta girgiza kai ta ce, "Kumburi ne. Haka yunwa take yi." Maigidana kuwa ya yi sallama, aka amsa masa da hanci.

Inna kuwa ranar ta ciyar da ni har na kasa numfashi, ta sa aka shigar da akwatina ɗakinta, aka bar na maigida a zaure. A nan na sha jinin jikina.

Washegari da la'asar aka yi zama a tsakar gida. Kawu a kan kujera da carbinsa, Inna a tabarma ta juya baya ga ƙofa, Hala a gefenta, maƙwabta kuma kowa ta tuna tana da abin aro a gidanmu. Maigida ya tsuguna a inda ya saba. Inna ta shiga ɗaki ta jawo bargona daga ƙarƙashin gado, inda ta ɓoye shi don kunya bayan duk unguwa ta gama gani, ta warware shi a tsakiya. Wata ta ce, "Ya Satir!"

Kawu ya yi gyaran murya ya dubi maigidana. "Kai, ka ga lokacin da take ɗinka wannan?"

"Na gani, Kawu."

"Ba ka hana ta ba?"

"A'a. Ni nake kawo mata ƙyallayen ma."

"Daga ina?"

"Waɗanda masaƙa za ta zubar nake tsintowa."

Gidan ya ɗauki salati. Ni kuwa na ji kamar in ɗauki takalmi in jefe shi. Mutum ne mai gaskiya, amma gaskiyarsa ba ta san lokaci ba. Kuma shekara da 'yan kai a Japan ta koya masa sunkuyawa, duk tambayar da aka yi masa sai ya amsa yana dungurar da kai sau biyu sau uku. Hala ta nuna shi da baki ta ce, "Ku duba, har ya saba. Wannan ai sunkuyon mai roƙo ne."

Na miƙe na ce su saurare ni. Na ce muna cin nama, muna cin kifi, muna da rediyo. Na ce a can masu hali ne suke wannan ɗinkin, wadda ta koya mini gidaje gare ta a jere. Na ce ado ne, sha'awa ce, har sabon yadi ake yankawa a yi shi.

Hala ta ce, "Eish? Me kika ce? Sabon yadi? To ina bandir ɗin da muka haɗu muka aika miki?"

Da na san inda tambayar za ta, da na yi ƙarya. Na ce, "Na yanka."

"Kin ɗinka riguna?"

"A'a, na yayyanka ƙanana-ƙanana ne, ina sake haɗa su."

Hala ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha illallahu! A yanka lafiyayyen yadi don a sake ɗinke shi? To wannan ba talauci ba ne kaɗai, an taɓa yarinyar nan. Aljanun ƙasar ne, ba a san irinsu ba." Nan take mata suka rabu biyu, masu cewa yunwa ce da masu cewa iska ce, har wata ta fara ba da sunan malamin da ya iya irin wannan. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne ba zan koma ba. Kawu ya juya ga maigida ya ce ko yana da magana. Ya buɗe baki, ya dubi bayan Inna, ya rufe. Da gaske wannan bawan Allah zai bari a raba shi da matarsa don kada ya yi musu a gaban surukarsa. Haushi ya cika ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa, don na san Inna ba ta yin magana biyu.

Sai Inna ta yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Da zane ɗaya na ratsa Sudan," in ji ta. "Uwata ta yi masa faci, ta yi wa facin faci, har ba mai iya cewa ga asalin launinsa. Ran da muka shigo garin nan na samu wankau a wani gida, uwargidan ta ɗauka tsumman goge ƙasa ne na ɗaura, ta kira 'ya'yanta su zo su gani. Tun ranar na ce ɗan da na haifa ba zai sa faci ba, ko zan kwana da yunwa. Na aurar da ke da lihafi, bargon satin, ƙyalle ɗaya daga sama har ƙasa. Yau a aiko mini da wannan a ce hannunki ne ya yi."

Ban taɓa jin labarin zanen nan ba, Kawu ma ya daina jan carbi.

Ta share ido da gefen mayafi, ta koma Innar da na sani. Ta ce, "Yalla, magana ta ƙare. A ba ni reza, ko audugar ciki na cire na yi matashi."

Aka miƙo mata reza. Ta jawo gefen bargon kan cinyarta ta nemi inda za ta sa bakin rezar, ta rasa. Ta matsa wani wuri, nan ma haka. Ta ɗaga shi kusa da ido, ta bi layi ɗaya da farce tun daga gefe har tsakiya, ta juya bayan ta sake bi. Hala ta ce a kawo almakashi, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana kallo har na fara jin kunya.

"Mai facin dole sauri take yi," in ji ta daga baya, kamar da kanta take magana. "So take ta gama ta ɗaura kafin gari ya waye. Na san irin ɗinkinta, faɗin yatsa ne tsakanin suka da suka. Wannan kuwa ɗinkin wadda take jira rana ta faɗi ne." Ta ɗago ta dube ni. "Ya binti, da wa kike hira a can?"

Na ce, "Da Obasan, tsohuwar da ta koya mini."

"Tana jin Hausa?"

"A'a."

"Larabci fa?"

"A'a."

"To me kuke cewa?"

Na ce, "Ni ina ba ta labarinki da na unguwa da Hausa, ita ma tana ba ni nata da yarensu. In na ga ta yi dariya sai in yi." Ina faɗa ina so in mayar da shi abin dariya, sai muryata ta ƙi. Kukan da na baro a ƙarƙashin tebur ya biyo ni har Jidda, na yi shi a gaban duk maƙwabta. Ina yi ina sane da cewa na gama kashe kaina, don wahalar da Inna ta yi sharaɗi a kanta ga ta nan na kawo da bakina, kuma ta gaske ce.

Inna ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ƙofa, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Kai, ɗago kanka. Ka san haka take wuni?"

Ya ɗago da ƙyar, gumi na zuba. Ya ce, "Na sani, Inna. Shi ya sa nake tsinto ƙyallayen, ban san me zan kawo mata ba. In kin ce ta zauna, ba ni da ta cewa." Hala ta buɗe baki, ta rasa abin faɗa, ta rufe. A tarihin unguwarmu ba a taɓa ganin haka ba.

Inna ta dawo kaina. "Ke fa? Ban tambaye ki wancan karon ba. Kina son komawa?"

Na share fuska na ce ina so. Na ce shi ko Obasan ba shi da ita, in ya dawo da dare ni kaɗai ce mai ce masa sannu da zuwa da harshen da yake ji. Na ce kuma mun bar babban bargo rabi, idonta ba ya ganin kafar allura sosai, ni nake zura mata zare.

"Tsohuwar ba ta da 'ya'ya?"

"Ɗa ɗaya ne, ya rasu. Hotonsa yana kan wani ɗan tebur a ɗakinta, da kayan soja. Kullum sai ta ajiye masa shayi a gaba."

Inna ta ajiye rezar a kan tabarma, ta shafa bargon da tafin hannu, ta ninke shi gida huɗu, ta ɗora a cinyarta ta dafe. Kawu ya ce, "To yaya ke nan?" Ba ta ko dube shi ba.

"A mayar da akwatinta zaure," in ji ta. "Bayan Sallah ki bi mijinki. Amma in kin je ki gaya wa tsohuwar nan aro na ba ta, ba kyauta ba."

Na ce, "Inna, ban san yadda ake faɗin haka da yarensu ba."

Ta ce, "Faɗa mata da Hausa. Uwa ce, za ta gane."